Wa Zai Biya Kuɗin Hanya? Gidan Waya da Ƙungiyoyin Sa-kai a Ƙasar Damargu

Laccar da aka gabatar a Tanut, a zaman ƙungiyoyin manoma, makiyaya da mata na gundumomin Tanut da Belbeji, albarkacin Ranar Gidan Waya ta Duniya



 

Na san da aka sanar da maudu'in yau akwai wanda ya ce a ransa: gidan waya kuma, a wannan zamani? Bai yi laifi ba. Gaisuwa ta koma salula, kuɗi sun koma hannun kamfanonin tura kuɗi, murya da hoto suna isa Libiya kafin a sauke shayi. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe sakatariyar ƙungiya a Damargu ya san akwai abin da ba ya shiga salula, ya kuma san wahalar kai shi Damagaram ko Yamai. A kan wannan zan yi magana: yadda ake yanka kuɗin aika saƙo, halin da aljihun gidan waya yake ciki, wanda ke sa ido a kai, da kuma inda ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba suka tsaya a cikin lissafin.

Ga matsayina tun yanzu, don mai ja ya shirya hujjarsa. Ƙungiyoyin sa-kai sun cancanci rangwame. Amma duk rangwamen da ba a rubuta wanda zai biya shi ba, bashi ne aka ɗora wa gidan waya, kuma mutanen karkara ne za su fara jin zafinsa ranar da aka rufe ƙofa.

Abin da ƙungiyoyinmu ke aikawa

Ƙungiya ba ta zama ƙungiya a idon hukuma sai da takarda. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ta ce sai an shigar da takardun kafuwa an sami izini. Daga nan kuwa takarda ba ta ƙarewa: rahoton shekara, lissafin kuɗi, takardar zaman da aka sa wa hannu, takardun neman tallafi. Mai ba da tallafi yakan karɓi hoton takarda ta intanet don ya fara dubawa, amma ranar biya sai ya ga ta asali, da hatiminta da sa hannunta.

Ga kuma maganar ƙasa. Damargu tana nan inda gona da kiwo suka yi iyaka. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010, sun sa rijiya da burtali da hurumin dabbobi duk sun zama maganar takarda. Ƙungiyar makiyayan da ke son a tabbatar mata da haƙƙinta a kan rijiya sai ta bi ta hukumomin kula da filaye, daga ta ƙauye zuwa ta komin zuwa ta gunduma, kuma kowace tana son ta riƙe takarda a hannu.

Bayan takarda akwai kaya: ingantaccen irin gero da na wake, littattafan yaƙi da jahilci, littattafan makarantun Islamiyya da ake sayowa a Kano, tabarau, magani, samfurin jinin dabba da za a kai ɗakin bincike, littattafan makafi masu rubutun shafawa, da takardun ɗalibin da ƙungiyar iyaye ta ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar André Salifou ta Damagaram.

Ta wace hanya waɗannan ke tafiya yau? Kun fi ni sani. Ko a je tasha a ba direba, a haɗa da na goro da lambar wanda zai karɓa. Ko a ba kamfanin manyan motocin da ke bin hanyar Agadas. Ko kuma, idan takardar mai nauyi ce, a tashi mutum guda ya kai da kansa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi tsada: kuɗin mota zuwa da dawowa, abinci, kwana, ga aikin gona da aka bari. Kuɗin nan daga akwatin asusun da mata suka tara dala-dala suke fitowa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a Belbeji, wadda ta zama gunduma a 2011. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, daga can zuwa Yamai kusan 900. Idan aka tara abin da ƙungiyoyin wannan jama'a ke kashewa a kan kai takarda, ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai dai a warwatse yake, shi ya sa ba a ganinsa.

Wasiƙa ba ta taɓa biyan kuɗin motarta ba

Damargu tsohuwar hanyar saƙo ce. Ayarin Abzinawa da ke tashi daga Kano ya bi ta Damagaram, ya ratsa nan zuwa Agadas, Gat da Tarabulus, yakan ɗauki wasiƙun fatake da na malamai a cikin kaya. A Janairun 1851, a Tagelel ta nan Damargu Bature Heinrich Barth ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kuma wasiƙun da suke aikawa Turai a hannun ayari suke tafiya. Ku lura da abu guda: madugu bai ɗaura wa raƙumi kaya don wasiƙa ba. Fatu da gashin jimina da tufafin Kano sun riga sun biya kuɗin tafiya, wasiƙa ta samu ta raɓa.

Da Faransawa suka zo, gidan waya na mulki ne. Damagaram ce babban birnin ƙasar daga 1911 zuwa 1926, kuma a 1921 aka fara fitar da tambur mai ɗauke da sunan Nijar. Kumandan yana bukatar umarni ya iso shi daga sama, saboda haka baitulmali ke biyan masinja da raƙuminsa, ko da wasiƙar talaka ko babu.

Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a 1961. Ma'aikata ɗaya, wato OPT, ta haɗa wasiƙa da tangaraho da tarho, ga manda, ga ajiyar kuɗi. A wannan zamanin ne masu aika saƙo ba don riba ba suka yi yawa. Jaridun yaƙi da jahilci irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi ta Madawa, da Muryar Damagaram, suna bukatar a kai su ƙauyuka. Ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, waɗanda aka kafa tun 1962, da ƙungiyoyin zaɓi-sonka na samari, suna cika akwatuna da wasiƙu zuwa Muryar Sahel, BBC da Muryar Jamus. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna lokacin da mai akwatin gidan waya a Tanut yakan ara wa unguwa guda lambarsa.

Wa ke biyan hanyar a lokacin? Kuɗin tarho da kamashon manda. Ma'aikacin da aka tura Yamai yana aiko wa iyayensa manda duk ƙarshen wata, ɗan kasuwa yana biyan kuɗin layi, wasiƙa kuma tana raɓawa kamar yadda ta saba.

Sai abubuwa suka rabu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin mota da kayan gyara da jigilar jirgi suka tashi. A 1997 aka raba OPT gida biyu: tarho ya koma SONITEL, wasiƙa da ajiya suka koma ONPE. A 2005 aka yi dokar da ta tsara harkar gidan waya, aka kuma buɗe hanyar kafa kamfanin Niger Poste. Daga baya kamfanonin tura kuɗi irin su Al Izza, Nita da Amana, da kuma tura kuɗi ta salula, suka ɗauke mafi yawan aikin manda, domin sun fi sauri kuma sun fi kusa da jama'a. Kamfanonin manyan motoci suka ɗauki koli tsakanin manyan garuruwa. Abin da ya rage wa gidan waya shi ne wajibin da doka ta ɗora masa na yi wa kowane ɗan ƙasa hidima, a cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. A karo na farko a tarihinta, an ce wa wasiƙa ta biya kuɗin motarta da kanta.

Yadda ake yanka farashi

A 1837 wani malamin makaranta a Ingila, Rowland Hill, ya yi wani lissafi da ya canza gidan waya a duniya. A lokacin ana biya ne gwargwadon nisa, kuma galibi mai karɓa ke biya. Hill ya nuna cewa abin da ake kashewa wajen ɗaukar wasiƙa guda daga Landan zuwa Edinbara bai kai ko kusa da kwabo ba, domin wasiƙun da ke cikin keken dokin suna da yawa. Tsadar tana wajen aunawa da rubutawa da bin bashi. Ya ce a yi farashi ɗaya mai sauƙi ga ƙasa duka, mai aikawa ya biya tun farko. A 1840 aka fara, aka fitar da tambur na farko a duniya. A shekara guda yawan wasiƙu ya ninka. Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba: ribar gidan wayar Ingila ta faɗi, sai da aka yi shekaru masu yawa kafin ta koma yadda take.

Hujjar Hill tana tsayawa ne inda saƙo ke da yawa. Mu ɗauki misali kawai, ba farashin kowa ba. A ce fitar mota guda daga Tanut zuwa wata kasuwar arewa ta dawo tana cin jika 50, mai da direba da gyara. Idan saƙo 50 ta ɗauka, kowane ya ci jika guda. Idan 500 ta ɗauka, kowane ya ci dala ashirin. Motar ɗaya ce, hanyar ɗaya ce. Kamar rijiya ne: kuɗin gininta ba ya raguwa don shanu goma kaɗai suka sha.

Daga nan abubuwa biyu ke fitowa. Na farko, farashi ɗaya ga ƙasa duka yana nufin wasiƙar cikin Yamai tana tallafa wa ta Tarka. Haka tsarin yake da gangan, kuma adalci ne. Amma yana rayuwa ne kawai idan gidan waya na riƙe da aikin birni mai riba. Idan wasu suka ɗauke Yamai, Maraɗi da Damagaram suka bar masa rijiyoyin arewa, lissafin ya rushe. Na biyu, idan saƙo ya ragu sai a ƙara farashi don a rufe giɓi, ƙarin ya kori wasu masu aikawa, saƙo ya ƙara raguwa. Ƙasar Danmak, inda yawan wasiƙu ya faɗi da kashi 90 cikin 100 tun daga 2000, ta ga ƙarshen wannan hanya: kamfanin PostNord ya sanar da daina rarraba wasiƙu a can daga ƙarshen 2025. Su suna da intanet a kusan kowane gida. Mu fa?

Abin da ya faru a Amurka

Amurka ta daɗe tana gwajin rangwamen ƙungiyoyin sa-kai, saboda haka ya kamata mu ɗan tsaya a kai.

Tun a dokar gidan waya ta 1792 majalisarsu ta sa wa jaridu farashi mai rahusa, a kan cewa jama'ar da ba ta samun labari ba za ta iya mulkin kanta ba. A 1951 aka ware ƙungiyoyin da ba na riba ba daga ƙarin kuɗin aika takardu masu yawa. Doka ta lissafa irin waɗanda suka cancanta: na addini, na ilimi, na kimiyya, na jinƙai, na manoma, na ƙwadago, na tsofaffin sojoji da na zumunta. Da wannan rahusa ne ƙungiyoyin agaji da asibitoci da jami'o'i na can suka gina hanyar neman gudummawa ta wasiƙa.

A 1970 aka mai da gidan wayarsu ma'aikata mai cin gashin kanta, aka ce ta riƙe kanta da kuɗin tambur. Nan take tambaya ta taso: wa zai cike giɓin rangwame? Amsar farko mai kyau ce. Kowace shekara ana lissafa abin da gidan waya ya rasa saboda rahusar, majalisa ta biya daga kasafin kuɗi. Amma da kasafi ya yi ƙunci, majalisa ta riƙa biyan ƙasa da abin da ake binta. A 1993 ta yi dokar da ta janye daga biyan mafi yawan giɓin, ta bar shi a kan sauran masu aika saƙo, ta kuma yi alkawarin biyan tsohon bashi dalar Amurka miliyan 29 duk shekara har tsawon shekara 42. A 2000 aka ɗaure rahusar da ƙa'ida: a matsakaici, abin da ƙungiyoyin sa-kai ke biya a kan irin wannan saƙo ya zama kashi 60 cikin 100 na abin da ƴan kasuwa ke biya.

A 2006 wata doka ta hana ƙarin farashi ya wuce tashin farashin kayayyaki, amma ta tilasta wa gidan waya ya riƙa ajiye fiye da dala biliyan 5 duk shekara don kula da lafiyar ma'aikatan da za su yi ritaya nan gaba. An ɗaure masa hannu ta wajen shiga, an buɗe ta wajen fita, a daidai lokacin da wasiƙa ke raguwa: daga fiye da biliyan 100 a 2001 zuwa ƙasa da biliyan 50 cikin shekara ashirin da ƴan kai. Asara ta taru. A 2020 hukumar da ke sa ido ta ba da izinin ƙari fiye da tashin farashin kayayyaki, a 2022 majalisa ta soke wancan wajibin ajiya. Tambur da ke santi 55 a farkon 2021 ya kai santi 78 a Yulin 2025. Da yake farashin ƙungiyoyi a ɗaure yake da na ƴan kasuwa, shi ma ya bi sama, ƙananan ƙungiyoyi kuwa su suka fi jin jiki.

Darasi uku na tsinta a nan. Rangwame yana daɗewa ne idan yana cikin doka, ba a bakin wani darakta ba. Idan gwamnati ta ba da rangwame ta ƙi biya, wani ne zai biya, ko da raguwar hidima ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sa'an nan rangwame yana zuwa da sharaɗi. A can sai ƙungiya ta nemi izini, sai ta kawo aƙalla saƙo 200 a lokaci guda, a jere bisa ga inda za su, kuma haramun ne ta ara wa ɗan kasuwa izininta. Wato wani ɓangare na rahusar ladan aikin da ƙungiya ta ɗauke wa gidan waya ne.

Faransa ma tana da irin nata tsarin ga jaridu da mujallu: wani kwamiti ne ke tantance wanda ya cancanci farashin rahusa, gwamnati kuma tana biyan gidan waya diyya a kan wannan aiki.

Wa ke sa ido?

A Nijar an raba mai yin aiki da mai sa ido. An fara da hukumar ARM a 1999, ta zama ARTP a 2012, sa'an nan ARCEP a 2018. Harafin ƙarshe na sunanta na gidan waya ne, ko da yake jama'a sun fi saninta da maganar kuɗin kira da na intanet. Aikinta ya haɗa da sa ido kan gidan waya da kamfanoni masu zaman kansu da ke ɗaukar saƙo, da duba ko ana cika wajibin yi wa kowa hidima. Kamfanonin tura kuɗi kuwa suna ƙarƙashin ƙa'idojin babban bankin BCEAO.

Amfanin wannan rabuwa yana bayyana idan muka leƙa maƙwabta. A Najeriya NIPOST ce ke aikin gidan waya, ita ce kuma ke ba abokan gasarta lasisi. A Yulin 2020 ta ƙara kuɗin lasisin masu kai saƙo, ƙananan ƴan kasuwa suka yi ca, har ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin a dakatar. Mu an ba mu hukumar da za a kai wa kuka, sai dai hukuma ba ta jin kukan da ba a kai mata ba.

Akwai kuma dokar duniya. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Bern ranar 9 ga Oktoba 1874, wadda muke tunawa da ita yau, ta mai da ƙasashe 192 tamkar yankin gidan waya guda. A cikin ƙa'idojinta akwai rangwamen da aka yi wa marasa ƙarfi: kayan karatun makafi, har zuwa kilo 7, ana aika su ba tare da kuɗin tambur ba. Wannan haƙƙi ne, kuma ya kamata kowace ƙungiyar naƙasassu a Damargu ta san da shi. Haka kuma tun daga taron Tokiyo na 1969, ƙasar da ta aiko da saƙo tana biyan wadda ta rarraba shi. Ke nan kolin littattafan da ɗan Damargu mazaunin waje ya aiko ta gidan waya yana kawo wa Niger Poste kuɗin shiga. Abin lura kawai, tambur dabam, kuɗin duwan dabam. Ƙungiyar da ke jiran kayan taimako daga waje ta nemi takardar yafe haraji tun kayan ba su taso ba, in ba haka ba za su kwana a ma'aji.

Hujjar masu cewa a bar wa direbobi

Wani zai ce: tun da direba da kamfanin mota suna kaiwa da sauri kuma da sauƙi, me ya sa za a zuba kuɗin jama'a a gidan waya? Hujja ce mai ƙarfi, kuma a kan kwaltar Damagaram zuwa Agadas gaskiya ce. Wanda ke Bakin Birji ko cikin garin Tanut ba ya rasa motar da zai ba saƙo. Direbobinmu sun riƙe amanar jama'a shekara da shekaru, Allah ya saka musu.

Amma direba yana zuwa ne inda fasinja yake. Babu dokar da ta tilasta masa ya je mashayar da ke arewacin Belbeji, ko ya je da damina idan hanya ta lalace. Idan takardar neman tallafi ta isa bayan an rufe karɓa, ba shi da hatimin kwanan wata da za ka nuna. Idan ta ɓace, sai haƙuri. Abin da gidan waya ke sayarwa wanda babu a tasha shi ne wajibi da shaida. Kuma ba dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba: motocin kasuwa suna zuwa kowace babbar kasuwar Damargu mako-mako, fasinja da buhuna sun riga sun biya kuɗin mai. Jakar gidan waya mai kulle, da yarjejeniya rubutacciya tsakaninsa da mai mota, za ta mai da wasiƙa inda ta saba zama, wato a kan kayan da suka riga suka biya hanya.

Abin da ya kamata a yi

Ga gwamnati. A fitar da farashi na musamman, rubutacce, ga ƙungiyoyin da ke da izini kuma suke kai rahotonsu na shekara. A bayyana wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba; jam'iyyar siyasa da ɗan kasuwa ba sa ciki. A buɗe layi a kasafin kuɗi don biyan giɓin, a lissafa shi duk shekara, a buga shi kowa ya gani. Ma'aikatun gwamnati kuma su riƙa biyan kuɗin saƙonsu a kan lokaci, su riƙa ba gidan waya aikin kai littattafan makaranta da takardun hukuma, domin yawan kaya shi ke saukar da farashi. Matatar mai ta SORAZ tana cikin gundumar nan tun 2011. Ba abin kunya ba ne komin-komin namu su nemi a sa hanyar saƙo cikin abin da arzikin mai zai tallafa.

Ga ARCEP. A riƙa buga kwanakin da saƙo ke yi a hanya gunduma-gunduma, ba jimillar ƙasa kaɗai ba, domin jimilla tana ɓoye Damargu a bayan Yamai. Duk wanda ke cin ribar ɗaukar saƙo tsakanin birane ya ba da nasa kason a kan hidimar karkara. A zo jihohi a saurari masu aikawa kafin a amince da ƙarin farashi.

Ga Niger Poste. A sa wakili a kowace komin, ko mai shago ne amintacce. A tsayar da rana guda a mako, ranar kasuwa, wadda kowa ya san jaka na tashi. A ba da rasi, a sanar da mai karɓa ta salula. A liƙa farashi a bango, a kuma karanta shi a rediyon karkara da Hausa, Tamajak, Fulatanci da Barbarci, domin waɗanda suka iya karatu cikin manyanmu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba.

Ga magadan gari. Ɗaki ɗaya da akwati mai kulle a cikin ma'aikata ya isa a fara.

Ga ku shugabannin ƙungiyoyi, kuma naku ne mafi sauƙin farawa. Ku yi hayar akwati guda tare, ku raba kuɗin. Ku haɗa saƙonku a jaka ɗaya, ku jera na Damagaram dabam, na Yamai dabam. Duk takardar neman tallafin da za ku rubuta, ku sa kuɗin aika saƙo a cikin lissafi, kada ku bar shi a kan akwatin mata. Idan an ba ku rangwame, kada ku ara wa kowa sunan ƙungiya ya aika hajarsa. Irin wannan ne ke sa a soke alherin gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne littafi. Kowane sakatare ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta duk saƙon da ƙungiyarsa ta aika: ranar da ya tashi, inda ya nufa, ta hannun wa, nawa aka kashe har da kuɗin motar ɗan aike, da ranar da ya isa. Bayan wata shida a haɗa littattafan Tanut da na Belbeji, a fitar da jimilla, a kai wa shugabannin gundumomin biyu, da reshen gidan waya na jiha, da ARCEP. Wanda ya je neman rangwame da baki kawai za a ba shi haƙuri. Wanda ya je da lissafin abin da yake kashewa da yawan saƙon da zai iya kawowa duk mako, da shi ake zama a yi ciniki. Ina roƙon shugaban wannan zama da ya sa a zaɓi waɗanda za su tattara littattafan kafin mu tashi.